Darwin, biri da Annabi Adamu: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk shekara idan muka iso babin juyin halitta a aji uku na babbar sakandare, tambayoyin nan ne dai. Ga su a rubuce, a daina tare ni a ƙofar ofis.

Malam, Darwin ya ce daga biri muka fito?

Bai ce birin da ke muku ɓarnar gyaɗa shi ne kakanku ba. Cewa ya yi mutum da manyan birai tushensu ɗaya. Littafinsa na 1859 ma da ƙyar ya taɓo mutum, sai a na 1871.

To me ya hana biran yanzu zama mutane?

Don kakanku ɗaya, ɗan baffanka ya rikiɗa ya zama kai? Wuce.

Ƙasusuwan nan na mutanen da can da ake tonowa ba ƙaryar Turawa ba ce?

An taɓa yin ƙarya, ƙwaryar kan Piltdown a Ingila a 1912, kuma masana kimiyya ne suka tona asirinta a 1953. Amma Toumaï, ƙwaryar kan wata halitta da ake dangantawa da tushen mutum, a hamadar Djurab ta Chadi aka same shi a 2001, ɗan Chadi ne ma ya fara ganinsa, an kuma ƙiyasta masa shekara miliyan 7.

Idan ya fito a WAEC in amsa? Ban yi saɓo ba?

Nan ne kawai zan tsaya, don na taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ta bar shafin fari fat, ta fito tana hawaye. 'Yata, kwantar da hankalinki. Ni malamin bayoloji ne, fatawa ba aikina ba ce, amma dubi tambayar da kyau. Ana tambayarki abin da Lamarck, masanin Faransa da ya gabaci Darwin, ya ce da abin da Darwin ya ce, babu mai neman ki rantse. A karatun zaure mun ji cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, sai dai ki tabbatar wurin malaminki. Sannan babin ba duka ne abin rigima ba. Ƙwayar maleriya da ta daina jin kulorokwin, da yadda mai jinin AS ya fi jure maleriya har sikila ta yawaita a ƙasashenmu, zaɓen yanayi ke nan, wato mai jure yanayi ya rayu ya hayayyafa, a asibiti ake ganinsa kullum. Inda ake ja shi ne mutum. Alƙur'ani ya ce daga yumɓu aka halicci Annabi Adamu, mafi yawan malamai kuma a kan zahirin nassin suke. Akwai masu ƙoƙarin daidaita biyun, akwai masu ganin hakan ba zai yiwu ba. Idan har zuciyarki ba ta natsu ba, fara da “a cewar Darwin”, ki kwashi makinki.

Malam, kai ka yarda da shi?

Jiya sahu ɗaya muka yi sallar La'asar da kai. Je ka karanta darasin gado na waken Mendel, gobe akwai gwaji.