Home (kundin waƙoƙin Dixie Chicks)

Home kundin waƙoƙi ne na ƙungiyar mawaƙan nan mata uku na Amurka da a wancan lokaci ake kira Dixie Chicks, wadda tun shekarar 2020 ta koma amsa sunan The Chicks. Ya fito ranar 27 ga Agusta, 2002, kuma shi ne kundi na shida da ƙungiyar ta ɗauka a situdiyo, na uku tun bayan da Natalie Maines ta zama mai jan baƙi a cikinta. Abin da ya bambanta shi da biyun da suka gabace shi shi ne kusan gaba ɗayansa an gina shi ne a kan kayan kiɗa masu tsirkiya waɗanda ba a jona su da lantarki, bisa salon da ake kira bluegrass, a daidai lokacin da kiɗan country (kiɗan karkarar Amurka) na gidajen rediyo ya karkata sosai ga ganguna da jitar lantarki.

Asalin ƙungiyar da salon

An kafa ƙungiyar a Dallas ta jihar Texas a 1989, kuma da kiɗan bluegrass da waƙoƙin makiyayan shanu ta fara, har a bakin titi tana yin wasa. Ya da ƙanwa ne ginshiƙinta tun farko, wato Martie Maguire, mai kaɗa goge irin na Turawa da mandolin, da Emily Robison, wadda yanzu ake kira Emily Strayer, mai kaɗa banjo da dobro (wani nau'in jita). Maines ta shigo a 1995, daga nan ne kuma kundayen Wide Open Spaces na 1998 da Fly na 1999 suka kai su ƙololuwa, domin kowannensu ya samu shaidar sayar da kwafi miliyan goma a Amurka. Saboda haka Home bai kasance baƙon salo ga 'yan'uwan biyu ba, komawa ce ga abin da hannunsu ya saba da shi tun suna yara.

Shi kansa bluegrass ya samo sunansa ne daga ƙungiyar Blue Grass Boys ta Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, kuma ya daidaita a tsakiyar shekarun 1940 bayan da Earl Scruggs ya shigo da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku. Ƙa'idarsa ita ce makaɗa su riƙa karɓar kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna gwanintarsa, muryoyi kuma su haɗu a sama cikin siririn sauti, ba tare da ganga ba. Banjo ɗin da ke tsakiyar wannan kiɗa asalinsa daga Yammacin Afirka ne, daga kayan kiɗan duma masu tsirkiya dangin gurmi, waɗanda bayin da aka kwasa zuwa nahiyar Amurka suka tafi da iliminsu.

Yadda aka yi shi

A 2001 ƙungiyar ta shiga rikicin shari'a da kamfanin Sony, tana zarginsa da tauye mata kuɗin da ya kamata ta samu daga cinikin waƙoƙinta, shi kuma kamfanin yana tuhumarta da saɓa yarjejeniya. A cikin wannan tsaiko ne, lokacin da babu wani kamfani da ke tsaye a kansu yana faɗin abin da rediyo zai karɓa, suka koma Texas suka fara ɗaukar waƙoƙi a situdiyon Cedar Creek da ke Austin. Lloyd Maines, mahaifin Natalie, wanda tsohon makaɗi ne sananne a jihar, shi ne ya yi aikin furodusa tare da su ukun, suka kuma gayyato ƙwararrun makaɗan bluegrass irin su Bryan Sutton a jita da Adam Steffey a mandolin. Da aka sasanta rikicin a 2002, ƙungiyar ta samu nata ƙaramin kamfanin fitar da waƙoƙi mai suna Open Wide, a ƙarƙashinsa ne kuma kundin ya fito tare da kamfanonin Monument da Columbia.

Lokacin ma ya taimaka. Waƙoƙin fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000, waɗanda tsoffin salo ne zalla, sun yi ciniki na miliyoyi duk da cewa gidajen rediyon country ba su ba su muhimmanci ba, har suka ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2002. Wannan ya nuna cewa akwai ɗimbin masu sauraro da ke ƙishin sautin tsirkiya tsagwaronta.

Waƙoƙin

Waƙoƙi goma sha biyu ne a kundin, kuma mafi yawansu wasu marubuta ne suka tsara su, abin da ya sa iya zaɓe ya zama wani ɓangare na fasahar aikin. Ta farko, Long Time Gone, ta Darrell Scott ce, kuma a baitinta na ƙarshe akwai zambo ga gidajen rediyon country na zamanin, cewa waƙoƙinsu sun rasa ruhin da ke cikin na tsoffin gwanayen country irin su Merle Haggard da Johnny Cash da Hank Williams. Abin mamakin shi ne waɗannan gidajen rediyon da aka yi wa gugar zana su ne suka yi ta sa ta har ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin country na mujallar Billboard. Landslide kuwa Stevie Nicks ce ta rubuta ta, ta fito a kundin ƙungiyar Fleetwood Mac na 1975, su kuma suka sake rera ta da banjo da mandolin da murya uku a haɗe, ta kai matsayi na bakwai a babban jerin Billboard, ta kuma jawo masu sauraron da ba ruwansu da country.

Wadda ta fi ratsa zukata ita ce Travelin' Soldier ta Bruce Robison. Labarin wani saurayi ne ɗan shekara goma sha takwas da ke jiran mota zuwa sansanin soja, ya shiga wani ɗan shagon abinci, ya roƙi yarinyar da ke hidima a wurin ta yarda ya riƙa aiko mata da wasiƙa tunda ba shi da wanda zai rubuta wa. Wasiƙun suka riƙa zuwa daga California, sannan daga Biyetnam, har ranar da aka karanto sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙi a filin wasan ƙwallo, babu wanda sunan ya dama sai ita, tana kuka a ɓoye ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Kiɗan bai yi wa labarin hayaniya ba, ya bi shi a hankali, sai a ƙarshe ƙaramar gangar fareti ta shigo tare da goge, wannan kuwa na daga cikin 'yan wuraren da ake jin ganga a kundin.

Akwai kuma Godspeed, waƙar reno da Radney Foster ya rubuta wa ɗansa lokacin da aka tafi da yaron Faransa, wadda Emmylou Harris ta sa murya a ciki. Patty Griffin ce ta rubuta Truth No. 2 da Top of the World, ta biyun doguwar waƙa ce ta nadamar mutumin da ya bar duniya yana tuna yadda ya hana iyalinsa sakewa. White Trash Wedding, wadda su ukun suka rubuta, barkwanci ce mai saurin gaske, Lil' Jack Slade kuma kiɗa ne babu waƙa, an raɗa masa suna ne daga sunan ɗan Maines, kuma a nan ne bluegrass ɗin kundin ya fi fitowa fili.

Karɓuwa

Kundin ya shiga jerin Billboard 200 a matsayi na ɗaya, da ciniki na kusan kwafi 780,000 a makon farko, daga baya kuma ya samu shaidar kwafi miliyan shida a Amurka. A bikin Grammy na 2003 ya samu kyaututtuka huɗu, da suka haɗa da ta kundin country mafi kyau, da ta rera Long Time Gone, da ta kiɗan Lil' Jack Slade, da ta zanen bangonsa, sai dai kyautar kundin shekara da aka sa shi takararta Norah Jones ce ta ɗauka.

Ba bluegrass tsantsa ba ne, kuma a nan ne sirrin farin jininsa yake. Masu bin salon na gargajiya sun samu hannu na gaske a goge da banjo, wanda mata biyun ƙungiyar suka kaɗa da kansu, abin da ba a saba gani ba a manyan ƙungiyoyin country. Sauran jama'a kuwa muryar Maines ce ta riƙe su, mai ƙarfi da kaifi, wadda rashin ganga da lantarki ya ba ta fili, tare da batutuwan da kowa ya sani, na barin gida da tsufa da haihuwa da rashi.

Rikicin 2003

Ranar 10 ga Maris, 2003, kwana goma kafin mamayar da Amurka ta jagoranta a Iraƙi, Maines ta shaida wa 'yan kallo a zauren Shepherd's Bush Empire na Landan cewa ba sa goyon bayan yaƙin, kuma suna jin kunyar cewa shugaban Amurka, George W. Bush, ɗan Texas ne. A lokacin Travelin' Soldier ta kai matsayi na ɗaya a jerin country, amma da maganar ta isa Amurka gidajen rediyo masu yawa suka daina sa waƙoƙin ƙungiyar, wasu mutane suka farfasa faya-fayenta a bainar jama'a, waƙar kuma ta faɗo daga jerin cikin makonni kaɗan. Godspeed da Top of the World da suka biyo baya ba su samu gurbi a rediyo ba kamar na farko. Duk da haka rangadin Top of the World ya fara ranar 1 ga Mayu a Greenville ta jihar South Carolina kamar yadda aka tsara, kuma rera waƙar Top of the World da aka ɗauka a wannan rangadi ta ci wata kyautar Grammy a 2005. Kundinsu na gaba, Taking the Long Way na 2006, wanda Rick Rubin ya yi wa furodusa, ya bar salon bluegrass ya koma ga ganga da jitar lantarki.