Ina dakuwar ƙofar firamare ta shiga? Mu dawo da ita gidajenmu

Assalamu alaikum iyaye mata da magidanta, musamman namu na ƙauyukan Jigawa da Kano. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin karkara, aikina awon yara da rigakafi, kuma yau maganar dakuwa nake so mu yi. Eh dakuwa dai da kuka sani, ta aya da gyaɗa, wadda tsofaffi suke jerawa a faifai a ƙofar firamare mu saya da kuɗin tara, ga kantun riɗi a gefe ga gyaɗa mandawa. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san ƙamshinta da yadda mai yake ɗan naso a yatsa in ka riƙe ta. Yanzu sai ka zaga ƙauye guda ba ka ga mai yinta ba, tsofaffin da suka iya wasu sun rasu Allah ya jiƙansu, wasu ƙarfin daka ya ƙare, 'yan mata kuma ba su koya ba, tiren masu talla ya koma biskit da alewar leda da lemon roba mai kala. Aya ta yi tsada gyaɗa ta yi tsada sukari ba a magana, to mai sana'a ta ga ba riba ta bari, ban ga laifinta ba. Amma wanda abin ya ƙare a kansa yaro ne, don abin da ya maye gurbin dakuwar zaƙi ne kawai da fulawa, yaro ya ci ya ƙi tuwo, jikinsa kuma bai samu komai ba.

Abin da yasa na damu, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Jigawa kuwa kashi 64 ne. Wallahi wannan adadi yana min ciwo, saboda mu ne masu noman riɗin da ake lodawa a manyan motoci daga Maigatari, mu ne masu gero da wake da zoɓo, Kano kuma ita ce ta dalar gyaɗa kafin farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su durƙusar da harkar. Abincin yana nan a gonakinmu, cikin yaran ne baya isa. Kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura ba, wannan abincin leda da muke ba yara masu tamowa a asibiti, ku duba me ke ciki, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari da sinadaran bitamin. Kenan kakanninmu da suke kirɓa gyaɗa su ba jikoki sun san me suke yi. Gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai ne mai ba yaro ƙarfi, riɗi yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙara jini, aya tana taimakawa wajen bayan gida ya zo da sauƙi.

To ga yadda ake yi, don na san akwai amaren da basu taɓa gani an yi ba. Ki samu aya busasshiya kamar gwangwani 4, gyaɗa gwangwani 2, in kina son ta yi maiƙo sosai ki ƙara gyaɗar, kowace tsohuwa da nata awon. Aya akwai tsakuwa da ƙasa, don haka ki wanke ta ki rege da ƙwarya sau biyu ko uku, kar ki yi ganda a nan, tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa haƙorin yaro. Ki shanya a tabarma mai tsabta ko tire, ba a dandaryar ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba, sai ta bushe ƙarau. Sannan ki soya a kasko da wuta kaɗan kaɗan kina juyawa har ta yi ja ƙamshi ya tashi, in kika cika wuta waje zai ƙone ciki bai soyu ba kuma dakuwar ɗaci za ta yi. Gyaɗar ma ki soya daban, ki murje ki fece ɓawon. Ayar ki daka ko ki kai inji, ki tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin ki sake dakawa. Daga nan sai ki haɗa garin ayar da gyaɗar a turmi, gishiri ɗan kaɗan, abin zaƙi, ki yi ta kirɓawa har mai ya fito ta kama jikinta, in kin dunƙula a hannu bata wargaje ba to ta yi. Ba a sa mata ruwa, ko ɗigo, man gyaɗar shi ne yake haɗa ta, ruwa kuma shi ke sa ta lalace da wuri. Masu nema su gajarce aiki suna yayyafa ruwa, dan Allah kar ki bi su.

Maganar zaƙi, ni shawarata ki rage sukari ki sa dabino, ga shi nan muna da shi a Dutse, ki cire ƙwallon ki duba ciki ko da tsutsa ki kirɓa tare. Ta manya a sa citta da kanumfari da ɗan barkono ba laifi, amma ki fara cire ta yara kafin ki zuba yaji. Mai ciwon suga kuma ya ci kaɗan, dabino ma zaƙi ne. In kina da riɗi ki wanke ki soya sama sama ki zuba ludayi guda a turmin, daɗi yake ƙarawa kuma amfani ya ƙaru.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku karanta da kyau, maganar tsintar gyaɗa. Al'adarmu ita ce mai kyau a kai kasuwa, ragowar da ta yamutse ko ta yi baƙi ko ƙwari suka huda a bar ta a gida a ce ai ta ƙuli ce ko ta miya. Wannan ragowar ita ce mai haɗari. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin funfuna, funfunar nan tana fitar da wata guba da likitoci ke kira afulatoksin, bata da wari sosai ba lallai ido ya ganta ba, kuma suya bata kashe ta, tafasa bata kashe ta. A hankali take taruwa tana lalata hanta har ta kai ga kansar hanta, kuma ana alaƙanta ta da tsumburewar yara. Don haka kafin ki soya ki baza gyaɗar a faifai da rana tsaka inda haske yake, ki tsince duk wadda ta canja kala, ta motse, ta fashe ko take da kore kore a jiki, ki zubar, kar ki ce asara ce kar kuma ki ba kaji ko akuyar da ake tatsa don gubar tana bi ta nono. In kin tauna kin ji ɗaci ki tofar. Magidanta ku ma naku aikin yana nan tun daga gona, a cire gyaɗa kan lokaci, a shanya a kan tampol ta bushe sosai kafin a zuba a buhu, buhun kuma a ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango mai rima. Akwai wani magani Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da ake watsawa a gona don rage wannan guba, ku tambayi malamin gona na yankinku. Kuma dan girman Allah in kaka ta yi kar a kwashe gyaɗa da riɗi kaf a kai Gujungu ko Dawanau, a ware wa uwargida ko tiya biyar ce ta yara, daga mai kyau ɗin ba daga ragowa ba.

Sai wa za a ba wa kuma yaushe. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nono zalla, ba ruwa ba kunu ba dakuwa, ko kaka ta ce a lasa masa a ba ta haƙuri cikin ladabi. Bayan wata 6 a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ɗan ƙaramin yaro kar a miƙa masa curin dakuwa ko ƙwayar gyaɗa ko aya guda, shaƙe shi za ta yi, sai dai ki ɗebi garin mai laushi wanda ba yaji ki dama masa cikin kunu, kunun kuma ya yi kauri yadda zai zauna a cokali, ba tsululu ba, don cikin yaro ƙarami ne in kika cika shi da ruwa ba wurin abinci. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Ranar farko ki ba shi kaɗan ki lura, in kika ga ƙuraje sun feso ko leɓe da fuska sun kumbura ko numfashi yana wahala ki daina ki garzayo asibiti, akwai yaran da jininsu bai haɗu da gyaɗa ba duk da ba su da yawa. Wanda ya yi wayo yana tauna da kyau sai a mulmula masa ƙanana ya tafi da su makaranta ko islamiyya.

Wadda aya ta yi mata tsada akwai garin kunun da muke koyarwa ranar awo, gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a gyara a soya kowanne daban a cire ɓawon waken a niƙa tare. Waken suya dole ya soyu sosai, ɗanye yana ɓata ciki.

Tsabta kuma, mulmula da hannu ake yi kuma ba za a sake ɗora ta a wuta ba, duk abin da ke hannunki cikin yaro zai tafi, to ki wanke hannu da sabulu, ki wanke turmi da taɓarya su bushe tukunna. In inji za ki kai ki tabbata ba a gama niƙa barkono ko jiƙaƙƙen abu ba. Ki zuba a roba mai murfi saboda ƙuda, ki riƙa yin kaɗan wadda za ta ƙare cikin 'yan kwanaki musamman da damina, in ta fara warin tsohon mai ko maƙaƙi a wuya a zubar.

Abu ɗaya da bana so a fahimce ni ba daidai ba, dakuwa da garin kunu na kare yaro ne kar ya faɗa tamowa, ba maganin wanda ya riga ya faɗa ba ne. In yaro ya rame, gashi ya yi ja ya yi laushi, baya son cin abinci, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura in kin danna yatsa wurin ya lotsa, wannan ba ciwon shawara ba ne ba kuma maita ba, a kawo shi mu auna damtsensa. Ma'aunin yana da kala uku, na yara daga wata 6 zuwa 59 ne, kore lafiya, ruwan ɗorawa a ƙara kula da abinci, ja wato ƙasa da santimita 11.5 yana buƙatar magani a ranar. In an ba ku abincin ledar nan na yaron ne shi kaɗai, kar a raba wa yayyensa, kar a kai kasuwa, kuma a dawo da shi awo ranar da aka rubuta a kati ko da kun ga ya fara murmurewa.