Wai tunda yaƙi ya ƙare shikenan?

A unguwar Nima ta Accra in aka taɓo zancen matan Laberiya da suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a nan Ghana sai kaji ana cewa ai yaƙi ya ƙare tun 2003, me ya rage kuma? Wallahi ba haka bane. Wadda aka yiwa fyaɗe lokacin yaƙi abin na binta shekaru, wata yoyon fitsari, wata kanjamau, ga miji ya kore ta, ɗan da ta haifa ma ana ƙyamarsa. Shiyasa ƙungiyoyin mata irinsu Medica Zenica da aka buɗe a Bosniya a 1993 basa tsayawa kan magani kawai, harda lauya da koyon sana'a da wadda zata zauna ta saurare ta, don mace tafi sakin baki gaban 'yar'uwarta.