Sai Masu Gida: yadda taron Ƙofar Mata ya zama ƙarfin Pillars, ya kuma zama ciwonta

Kakar gasar Firimiya ta Najeriya ta 2025/26 ba ta yi nisa ba magoya bayan Kano Pillars suka fara ƙorafi. A wasanni takwas na farko biyu kacal ƙungiyar ta ci. Na takwas ɗin shi ne wanda aka buga da Shooting Stars ta Ibadan ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025 a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Pillars ce a gaba da ci ɗaya har dab da tashi, sai baƙi suka farke. Ana hura usur jama'a suka kwararo cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9.5, ta zaftare mata maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin, sannan ta ce a koma Katsina da buga wasannin gida.

Wanda bai san Pillars ba zai yi mamaki: kunnen doki ne fa, ba a ma cinye su ba, kuma da sauran wasanni 30 a gaba. To me ya yi zafi? Amsar tana cikin tarihin ƙungiyar da filinta.

An kafa Pillars a 1990, bayan an haɗe wasu ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, kuma gwamnatin jiha ce mai ita har gobe. Shekarunta na farko ba su da wani armashi. Abin da ya sauya tunanin magoya baya ya faro ne a watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta zo Kano ta yi nasara. Daga ranar ba a ƙara cin Pillars a gida a gasar lig ba sai a watan Agustan 2015, da Nasarawa United ta doke ta da ci 2-1. Shekara goma sha biyu ke nan, wasanni 202. Yaron da aka fara riƙo wa hannu zuwa fili yana ɗan shekara goma ya kai munzalin aure bai taɓa ganin baƙo ya tafi da maki uku a wasan lig ba. A cikin wannan tsakanin ne aka ɗauki kofin gasar sau huɗu: 2008 a hannun Kadiri Ikhana, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, sai 2014 a hannun Okey Emordi. A 2009 kuma Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. Kirarin "Sai Masu Gida" a wancan zamani ba cika baki ba ne, gaskiyar abin da ke faruwa ce.

Duk wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Mata ranar babban wasa ya san yadda abin yake. Ƙarfe huɗu ake take leda, amma tun bayan azahar 'yan adaidaita sahu ke ta sauke mutane, riguna ruwan ɗorawa da kore ko'ina, masu rake da gyaɗa da ruwan leda sun kafa a bakin ƙofa, makaɗa sun soma tun kafin 'yan wasa su fito motsa jiki. Filin na ɗaukar mutum kusan 16,000, kuma a wasannin hamayya sai ka ga har kan matakala an zauna. A gasar da ƙungiyoyi da dama ke buga wasa gaban kujeru wayam, saboda matasa sun tare a gidajen kallo suna bin Arsenal da Real Madrid, wannan ba ƙaramin arziki ba ne. Bakano yakan kalli wasan Ingila ranar Asabar, Lahadi kuma ya zo ya ga tauraron Pillars Rabi'u Ali Pele da idonsa.

Sai dai akwai lissafin da ke ƙarƙashin wannan soyayya. A gasar Najeriya cin wasan waje abu ne mai wuya ga kowa: doguwar tafiya a mota, filaye marasa kyau, ga zargin da ba ya ƙarewa cewa alƙalai na karkata ga mai masauki. Ƙungiyoyi 20 ne, kowacce na da wasan gida 19, wato maki 57 idan ta cinye duka, alhali zakarun shekarun nan kan ƙare da maki 70 ko kusa da haka. Ma'ana wanda ya riƙe gidansa ya yi mafi yawan aikin. Shi ya sa mai goyon bayan Pillars ba ya kallon canjaras a Kano a matsayin maki ɗaya da aka samu. A wurinsa maki biyu aka ƙwace, kuma ya san da wuya a maido su a Aba ko Enugu. Idan haka ta faru tun farkon kaka, hankali na tashi da wuri.

Bayan 2015 kwarjinin gida ya fara raguwa, amma tsammanin jama'a bai ragu ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars ta kai ci uku babu ko ɗaya, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. A shekarar da ta biyo an huce haushi da cin kofin a Kaduna, kan Niger Tornadoes. Amma a wannan shekarar ta 2019 ne, a wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara da aka yi a Agege ta Legas, magoya baya suka kutsa fili bayan canjaras da Rangers, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali.

Daga nan sai gidan kansa ya suɓuce. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, Pillars ta koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200. Ko dawowar tauraron Super Eagles Ahmed Musa ƙungiyar karo na farko a 2021, wadda da a Kano ake wasa da ba a sami wurin tsayawa ba, a can ta ƙare. Da aka dawo gida a watan Afrilun 2022 don karawa da Katsina United, wasan bai kai ƙarshe ba: aka shiga fili, aka farfasa motar baƙi, hukuma ta cire maki, ta kora ƙungiyar Abuja. Wata biyu bayan haka shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a karawa da Dakkada, aka sake yanke maki. Ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukuni na biyu, ita da Katsina United ɗin. Ta dawo a 2023.

Saboda haka abin da ya faru a Oktoban 2025 maimaici ne, kuma magoya baya ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Akwai masu cewa matsalar alƙalanci ce: a waje a danne su, a gida ma a zo a danne su, kuma hukuma ba ta ganin laifin mai usur sai na mai kallo. Wannan magana tana da masu saye da yawa, don ba Kano kaɗai ke yin ta ba. Akwai masu ɗora laifin kan shugabanci. Su a ganinsu ƙungiyar gwamnati ce, shugabanninta na sauyawa da sauyin siyasa, ana sallamar koci kafin ya san sunayen 'yan wasansa, kuma an daɗe ana jingina da tsofaffin hannu maimakon a raini sababbi daga unguwanni. Naɗa Ahmed Musa babban manaja a watan Yulin 2025, alhali yana cikin masu buga wasa, ya ƙara wa wannan muhawara wuta: wasu na ganin sunansa zai jawo masu zuba kuɗi da mutunci, wasu na tambayar yadda koci zai ajiye maigidansa a benci. Sai rukuni na uku, waɗanda ba a cika jin muryarsu ba duk da su suka fi yawa, masu cewa 'yan tsiraru ne ke jawo wa dubbai, mutum ya sayi tikitinsa ya zauna lafiya, sai a wayi gari an ce ya nemi kuɗin motar Katsina idan yana son ganin ƙungiyarsa.

Ni dai ina ganin na ukun nan sun fi kusa da gaskiya, kodayake na biyun ma ba su yi ƙarya ba. Alƙali na iya kuskure, har da ganganci, amma makin da aka zaftare a 2022 da 2025 ba alƙali ne ya zubar da su ba. Kuma hukuncin kora daga gida ya fi tarar kuɗi ciwo nesa ba kusa ba, tunda gwamnati ce za ta biya tarar, amma babu mai biyan ihun mutum dubu goma sha da aka rasa a filin Muhammadu Dikko, kusan kilomita 170 daga Ƙofar Mata. Kuɗin ƙofa ya tafi, cinikin masu rake da 'yan adaidaita ya tafi, baƙon da a da ƙafarsa ke rawa tun daga ramin fitowa sai ya koma shiga fili hankali kwance.

Matakin da shugabannin ƙungiyar suka ɗauka bayan wasan Shooting Stars shi ne wanda aka saba: suka dakatar da koci Evans Ogenyi, aka kira Baba Ganaru ya karɓi aiki. Wannan ya kwantar da masu kukan sakamako, amma bai taɓa abin da ya jawo rufe filin ba. Yadda ake sayar da tikiti fiye da kujeru ko a bar mutane su shiga kyauta, ƙarfin shingen da ke tsakanin 'yan kallo da fili, yawan jami'an tsaro da inda ake tsayar da su a mintunan ƙarshe, da kuma ko ana gurfanar da wanda kyamara ta nuna yana dukan alƙali, duk waɗannan aikin ofis ne da na gwamnatin da ta mallaki filin, koci ba shi da hannu a ciki.