Ba iska ce ta fi kisa a mahaukaciyar guguwa ba

Da zarar an ce mahaukaciyar guguwa ta doshi gaɓar teku, hankalin kowa kan tafi ga iska: kwanon rufi na tashi, itatuwa na faɗuwa. Shi ya sa in aka ji ta sauko daga mataki na 5, wato mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, zuwa na 3, sai wasu su saki jiki, su ƙi barin gida. Wannan kuskure ya ci rayuka, abin takaici.

Matakan nan gudun iska kaɗai suke aunawa, alhali ruwa ne ya fi kisa. Guguwar kan turo ruwan teku gabanta ta afka da shi cikin gari, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Misali, mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Katrina tana mataki na 3 ta sauka jihar Luwiziyana ta Amurka a Agustan 2005, amma a gaɓar jihar Misisifi mai maƙwabtaka da ita tsayin ruwa ya haura mita 8. A birnin New Orleans na Luwiziyana katangun tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Tsofaffi da yawa a gidajensu suka rasu, wasu a can saman silin, inda suka hau gudun ruwa.

Saboda haka ne hukumomin Amurka ke shata yankunan da za a kwashe mutane bisa inda ruwan teku zai iya kaiwa.