Murar da ke kwantar da babba a asibiti

Jama'a, ba kowace mura ce ake jira ta wuce da shayin citta ba. Akwai wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasalar da ke hana magidanci tashi daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duk shekara ta hanyar cutukan numfashi.

Sau da yawa ba ita kaɗai ke yin kisan ba. Ƙwayar cutar tana fara lalata fatar da ta lulluɓe hanyar iska, wadda aikinta shi ne share ƙura da majina daga ƙirji. Da zarar ta lalace, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanci da maƙogwaro sai su gangara cikin huhu, limoniya ta kama. Haka aka yi a annobar 1918, inda akasarin waɗanda suka rasu limoniyar da ta biyo bayan murar ce ta yi ajalinsu. Shi ya sa nake roƙon masu jinya su kula da wannan alama: mara lafiya ya fara samun sauƙi, har ya nemi abinci, sai zazzaɓin ya dawo da kaki mai kauri, ciwon haƙarƙari da haki. Dattijo kuma wani lokaci ko zazzaɓin ba ya yi, sai dai a ga ya rikice yana sambatu. Wannan ba na kemis ba ne, a wuce da shi asibiti a ranar.

Akwai maganin da ke hana ƙwayar yaɗuwa a jiki, sunansa oseltamivir, an fi saninsa da Tamiflu. Ana shan sa sau biyu a rana har kwana 5, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 48 da soma ciwon. Waɗannan kwana biyun su ne muke ɓatawa a gida da "mura ce kawai", ana ɗura wa mara lafiya antibayotik, alhali antibayotik ba ya taɓa bairos, irin ƙwayar da ke kawo wannan murar. Amma ko an makara, wanda ciwon ya kai shi ga kwanciya a asibiti ana ba shi maganin. Likita ne zai duba ko limoniya ta shiga, a haɗa masa da antibayotik da iskar oksijin idan numfashi ya yi ƙasa.

Allurar rigakafin ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, kada wani ya ce muku haka. Amfaninta shi ne rage yiwuwar kamuwa, idan kuma an kamu ciwon kan zo da sauƙi. Sai bayan kamar mako 2 take fara kāriya, kuma ana sabunta ta duk shekara saboda ƙwayar tana sauya kama. Waɗanda suka fi buƙata su ne 'yan shekara 65 zuwa sama, masu juna biyu, masu ciwon suga, asma, ciwon zuciya ko ƙoda, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da mu kanmu ma'aikatan lafiya. Maniyyata ma, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana shawartar su da su yi ta kafin tafiya saboda cunkoson aikin Hajji, don haka a tambaya tun wajen gwajin lafiya, kada a bari sai jirgi ya kusa tashi.