Jera riba a cinikin zaɓi ba shaidar gwaninta ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya jera watanni yana cin riba a cinikin zaɓin hannun jari gwani ne. Zaɓi a nan yarjejeniya ce da ke ba mai sayenta damar saye ko sayar da hannun jari a tsayayyen farashi, in ya ga dama. Ba lallai ba. Mai sayar da zaɓi 'yan kuɗi yake karɓa, kamar kafin alƙalami, ya ɗau alkawarin saye ko sayarwa a tsayayyen farashi. Muddin kasuwa na kwance, kuɗin sun zama nasa, ko bai iya komai ba. Ranar da farashi ya yi tsalle kuwa, ribar shekaru na iya tafiya.

Masana ma sun sha kashi. Kamfanin zuba jari na Amurka mai suna Long-Term Capital Management (LTCM), duk da yana tare da Myron Scholes da Robert Merton, masu kyautar Nobel ta 1997 kan lissafin farashin zaɓi, ya tafka asarar dala biliyan 4.6 a 1998.